Tayar da Ta Cinye Shaidarta

Ni dai tun ranar da na fara ɗora ido a kan motar nan raina bai kwanta da ita ba. Ƙofa biyu, kujera biyu, launin ruwan ɗorawa, cikinta kuwa saura ƙiris ya taɓa ƙasa. Motar tsere ce wai, ta ƙasashen da hanyarsu ba ta san rami ba. Kafin ta kwana biyu a Ƙaura 'yan tasha sun raɗa mata suna Ja-ciki, sunan kuwa ya bi ta.

Kawuna ne ya sayo ta, Alhaji Nasidi, yayan mahaifiyata, dillalin shanun da ba wanda bai san shi ba daga Ƙaura har kasuwar Shinkafi. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, kowane mai ƙumbar susa yana son ya shiga Gusau da abin da za a waiwayo a kalla. Wani ɗan kasuwar Maraɗi ya zo da ita Shinkafi wata Alhamis, Kawu ya kora masa bijimai ya karɓi makulli. Shi bai iya tuƙi ba, ko keke bai taɓa hawa ba. Ni Ɗanasabe ni ne direba, don a gidansa na tashi tun rasuwar mahaifina, kuma har lokacin ni da Inna da iyalina a sashen bayan gidansa muke zaune, daga rumbunsa muke ci.

Fitarmu ta farko, cikinta ya daki ƙasa har sai da Kawu ya yi salati. Washegari muka kai ta wurin makanikan Ƙaura, suka yi mata abin da suke yi wa kowace mota da ta fito daga Kwatano, suka cusa mata roba a ƙafa suka ɗaga ta. Ta daina jan ciki kam. Amma daga ranar sitiyari ya fara gardama da ni, in na ce nan ya ce can. In ka tsaya a gabanta kuwa sai ka ga tana da gwame, kan tayoyin ya sunkuyo ciki, gindinsu ya baje waje.

Ba a gama damina ba tayoyin da ta zo da su suka ƙare. Aka sa sababbi. Na ce, "Kawu, motar ga tana cin taya. A kai ta Gusau a duba mata saitin ƙafa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mota na da haƙora?"

"Ba ta da su, Kawu, amma tana ci."

"Kai da makanikai bakinku ɗaya. An ɗaga ta, an gama. Ba mai sake sa mata ƙarhe."

Ashe a majalisarsa ta ƙofar gida akwai masu hura masa kunne. Su waye kuwa in ba 'yan zaman kashe wando ba, waɗanda ko tayar keke ba su taɓa saye ba? Su ne suka gaya masa wai direbobin yanzu sai a hankali, a sa wa mota sabuwar taya da safe, kafin azahar sun kai ta wurin mai faci sun musanya da tsohuwa. Kawu bai ce mini komai ba, ni ma ban san an yi ba.

Wata Alhamis muna dawowa daga Shinkafi bayan la'asar, muna wajen Katuru, tayar gaba ta dama ta yi bindiga. Allah ya taimake ni na riƙe sitiyari har muka tsaya a bakin wata gonar dawa. Na sa jak na kwance ta na kwantar. Ta waje sabuwa ce fil, zanenta ko gezau. Gefen ciki kuwa ya suɗe tas, har waya ta fito tsirara.

Sai na ga Kawu ya tattare babbar riga ya tsuguna, mutumin da ko takalminsa ba ya sunkuyawa ya ɗauka. Ya ta da tayar, yana gungura ta a hankali yana bin gefen ciki da babban yatsa. Ya zagaye ta, ya sake zagayewa. Ya rarrafa ya zura hannu bayan ta hagu, ya laluba ya laluba. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ina shaidata?"

"Wace shaida, Kawu?"

"Ƙahwar kaza."

Na san ƙafar kaza. Zane uku ne da suka haɗu a gindi, shi gidan kakanmu suke ɗana wa shanunsu da ƙarfe mai zafi tun kafin a haifi Inna. Abin da ban sani ba, ranar da aka kawo sababbin tayoyin nan Kawu ya aike ni kasuwa, ya sa ƙaramin ƙarfen da yake yi wa maruƙa a wuta, ya ɗana wa kowace taya. Kuma da yake shi dillali ne mai wayo, ya zaɓi inda ɓarawo ba zai leƙa ba, can gefen ciki inda taya take taka ƙasa.

Na ce, "Kawu, ai nan ne wurin da take ci! Ta cinye roba ta haɗa da shaidar. Dubi waje, sabuwa ce."

"Na san masu sassaƙa wa tsohuwar taya zane da wuƙa mai zahi su shahe ta da baƙi. Ni za ka gwada wa kasuwa? Shekara nawa ina ɗana wa sa ƙarhe, ya tahi Ikko ya dawo, ban taɓa ganin shaida ta gudu ba." Ya gyara hula. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ɗaura safaya mu tahi."

Da a ce shekarar da ta wuce ce, da zagi zan sha, ƙila da mari, a wuce wurin. Amma shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ce. Ni da kaina na je Gusau ranar taron ƙaddamar da ita, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba. Sai dai a 'yan watannin nan labari ya zo cewa an zartar wa wani haddi a kan sata, kowa a tasha ya ji, kowa ya ɗan dubi hannunsa. Kalmar ɓarawo ta daina zama zagi, ta koma magana mai wuƙa a bayanta.

Wannan tafiya daga Katuru zuwa Ƙaura ba zan manta da ita ba. Da motar mutane ce da Kawu ya koma baya na huta da numfashinsa. Ja-ciki ba ta da baya. Kafaɗarsa tana gugar tawa, hannuna na dama yana kan giya a tsakaninmu, duk sanda na canza sai in ga idonsa ya bi hannun. Tsoro na ji.

Kafin sallar magariba gari ya ɗauka. Kawu ya rantse gobe sai gaban alƙali. Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan Liman, ta durƙusa a soro ta ce ba za ta tashi ba sai ya shiga maganar. Allah ya saka wa Liman da alheri, ya aika aka kira Kawu da ni da dattawan unguwa washegari da hantsi.

Liman ya saurari kowa. Ya ce a iya saninsa, wanda aka ba amanar abu ya ci, hukuncinsa daban da na wanda ya haura katanga. Wani dattijo ya ce shi kuma ya ji wani malami a rediyo ya faɗi akasin haka. Suka shiga ja-in-ja, wannan ya kawo littafi wannan ya kawo wani. Ni ina zaune a kan buzu ina kallon su. Su fatawa suke yi, ni kuwa hannun nawa ne.

Daga ƙarshe Liman ya ce, "Alhaji, yaron ga ya ce mota ce ke cin shaida. To a gwada. A sa sababbin tayoyi, ka ɗana musu ƙarhe gaban mutane, a daidai inda kas sa na farko. A ba wani makulli ya bi hanyoyin da kuka saba bi, har a yi girbi. In shaida ta goge, ka nemi gahwararsa. In tana nan, sai mu san abin yi."

Wallahi har hawaye na yi don murna. Na san motata. Na san ko tayar jirgin ƙasa aka sa mata sai ta gurje gefen ciki. Aka hura wuta a ƙofar gida, Kawu ya ɗana ƙafar kaza huɗu, ƙaurin roba ya cika unguwa. Aka miƙa makulli ga Amadu, yaron Kawu na wajen shanu, mai tuƙa masa babbar mota zuwa kudu. Amadu mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini sharri ba. Ni kuma aka ce kada in kusanci motar, kada kuma in bar gari.

To ina ma zan je? Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, in na taka ƙafa na fita Ƙaura an gama shari'a ke nan. Na zauna. In na je tasha a gaisa, sai hira ta mutu, wani ya tuna yana da aiki. Mai facin da aka ce wai da shi nake haɗa baki ya aiko mini cewa don Allah in daina bi ta gaban rumfarsa. A masallaci wani tsoho da ya saba ajiye takalminsa kusa da nawa ya koma shiga da su a hammata. Ga shi abincin da nake ci daga rumbun mai ƙarata yake fitowa, in na ƙi ci in kwana da yunwa, in na ci ya tsaya mini a wuya.

Aikina ya koma zama a kan dakalin maƙwabta ina jiran Ja-ciki ta wuce. In na ji kukanta sai in miƙe. Ban taɓa jin mutumin da ya yi addu'a taya ta lalace ba sai ni. A sujada nake cewa, ya Allah ka sa ta ci, ka sa ta ci da gaggawa. In Amadu ya dawo daga Shinkafi in ji daɗi, in ce yau ma an rage. In suka kwana biyu ba su fita ba in ji kamar in je in tura ta da hannu.

Aka yanke gero, aka fara karyar dawa. Liman ya sa rana. Mutane suka taru a ƙofar gida fiye da na ranar ɗana ƙarfe, har da waɗanda ba a gayyata ba. Amadu ya sa jak ya kwance tayar gaba ta dama, ya gunguro ta tsakiyar fili ya kwantar.

Ƙafar kaza tana nan raɗau, zane uku, kamar jiya aka ɗana.

Aka kwance ta hagu. Tana nan. Na baya ma haka. Na tsuguna na shafa gefen ciki da hannuna, roba cike, ko alamar gurzawa babu. Na ji wani a bayana ya ce, "Allahu akbar, ramin ƙarya ƙurarre ne." Har na fara tambayar kaina ko aljanu ne suke wasa da ni.

Da aka mayar da tayoyin aka sauke jak, sai na ja da baya na tsaya a gaban motar. A nan na gani. Gwamen ya tafi. Tana tsaye a kan ƙafafunta sak kamar motar kowa.

Na damƙi rigar Amadu. "Wa ya taɓa ƙafar motar ga?"

"Sake ni, Ɗanasabe. Ba wanda ya kwance taya, na rantse."

"Ban ce taya ba. Wa ya shiga ƙarƙashinta?"

"Au, ko Muhtari makaniken Zurmi? Ai tun makon farko ne. Na kai Alhaji kasuwar Zurmi, na ce wa Muhtari sitiyarin na kashe mini kafaɗa. Ya ce motar babban mutum ba ta tsaya ƙofar garejinsa ta tahi haka ba. Kafin Alhaji ya fito masallaci ya gama. Ko kwabo bai nema ba, Alhaji ya sa masa albarka."

Ka ji fa. Alheri ne aka yi, irin wanda kowane mai sana'a yake yi wa babban mutum don a san da shi. Ni kuwa wata da watanni ina zaune a dakali ina roƙon Allah a kan motar da aka riga aka warkar.

Na roƙi Liman ya ba ni izini in je Zurmi in zo da mutumin. Ya ce in je, amma Amadu ya raka ni. Muka shiga motar haya kamar ɗan fursuna da dogarinsa.

Garejin Muhtari gindin wata bedi ne a bakin hanya. Siririn mutum ne mai furfura a gemu, ya yi zaman Kwatano shekaru, can ya koyi aikin ƙafar mota. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ajiye sifana ya riƙe baki.

"Innalillahi. Ni ban san da wata magana ba, ɗan'uwa. Na ga mota na wahala na taimake ta."

"Me ka yi mata?"

Ya jawo wani ƙullin zare daga aljihu, irin na masu ɗinkin buhu. Ya ce in zo in gani a jikin wata Fijo da ke tsaye. Ya ɗaura noti a bakin zaren ya sake shi a gefen taya, ya nuna mini tazarar sama da ta ƙasa. "Nan aka ganin gwame. Taku motar tsere ce, waɗanda sunka ƙera ta da gangan sunka ba ta shi, don in ta shiga kwana a guje ta kama ƙasa. Ku kuwa miƙaƙƙiyar hanya kuka bi, sai ta riƙa tahiya kan gehen ciki." Sannan ya ja zaren daga tayar baya zuwa ta gaba, ya ɗame shi a tsakiyarsu. "Ga babbar cutar. Da anka ɗaga ta ba a sake saiti ba, sai tayoyin gaba sunka buɗe baki, wagga na kallon Shinkafi, wagga na kallon Zurmi. Ba gungurawa suka yi ba, gurzar ƙasa suka yi. Ko ƙarhe ne sai ya cinye, balle roba. Na rage gwamen na bar mata kaɗan, na juya sandar sitiyari har bakin ya haɗe ya ɗan duƙo ciki, kamar kaurin tsinken ashana. Shi ke nan aikin."

Kaurin tsinken ashana. A kan abin da bai wuce wannan ba sunana ya lalace a Ƙaura.

Na ce, "Malam Muhtari, don girman Allah ka zo ka faɗi haka gaban Liman."

"Zan zo. Abin da na yi da abin da na sani zan hwaɗi. Amma kada a ce in dahwa Alƙur'ani cewa ba ka musanya ba, don ban ga ranar da anka ɗana na farkon ba, kai ma yau na fara ganin ka."

"To ka mayar da ita yadda take, a sake gwaji."

Ya girgiza kai. "In na ɓata ta, cewa za a yi kai ka saye ni na ɓata."

Ya cika alkawari, ya zo ranar Asabar da zarensa. Aka sake zama a soron Liman. Aka kawo tsohuwar tayar da ta fashe, ya duba ya ce wannan cin saiti ne, ko makaho ya shafa ya sani. Ya yi bayani tiryan-tiryan kamar yadda ya yi mini. Dattawa suna gyaɗa kai, amma na san gyaɗawar, irin wadda ake yi wa mai tallan maganin basir ce a kasuwa.

Kawu ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Malam, na gode da aikin da kay yi mini. Amma in tambaye ka. Tsohuwar taya da anka ciro daga wata mota mai gwame, ba haka za ta yi kama ba?"

Muhtari ya ce, "Haka za ta yi, Alhaji."

"To. Wato mota ta yi ciwo daidai lokacin da wanga yaro ke tuƙa ta, yana sauka ta warke."

Soro ya fashe da dariya. Har Amadu sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce a sake gwaji, Kawu ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai sa a karya wa motarsa ƙafa don a wanke ɓarawo. Kuma tsakani da Allah, in ka tsaya a inda yake tsaye, me za ka gani? Ya sa shaida, ta ɓace a hannuna, ya sa wata, ta zauna a hannun Amadu. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba ƙarya yake yi ba, ya yarda da abin da yake faɗi.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce magana ta shiga shubuha, kuma ba a zartar da haddi a kan shubuha. Ya ce zumunci ya fi taya, kuma wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa. Ya juya ga Kawu. Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya buɗe hannuwa yadda kowa zai gani.

"Ɗan ƙanwata ne. Don uwa tai Indo, don kuma Allah, na yahe mashi. Duniya da lahira."

Aka ɗauki kabbara. Wani ya ce Alhaji ya cika dattijo. Duk idanu suka dawo kaina, ana jiran in matsa in durƙusa.

Jama'a, me aka yafe mini? Na so in miƙe in ce ba na so, a kai ni gaban alƙali, ko a wanke ni ko a yanke. To in alƙalin ya yi dariya irin wadda soro ya yi fa? In na karɓi yafiya na zama ɓarawon da aka yafe wa har in mutu. In na ƙi, na kai hannuna inda ban san abin da zai faru da shi ba. Gaba kura baya sayaki.

Sai na ji muryar Inna daga bayan ƙyauren cikin gida, inda take tsaye tun safe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗanasabe. Yi godiya."

Na matsa na durƙusa gaban Kawu. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Ya ɗora hannu a kaina.

Bayan haka na zagaya tasha neman mota. Ba wanda ya kore ni, kowa dai motarsa tana da direba, ko ta lalace, ko sai mai ita ya dawo daga tafiya. Na gwada Shinkafi, labari ya riga ni isa. Da Amadu ya koma kan babbar motarsa, Kawu ya kira ni gaban majalisa ya miƙo mini makullin Ja-ciki. Ya ce shi ba ya yafiya rabi da rabi. Ya ce sai dai in sani, ƙafar kaza tana nan, kuma zai riƙa dubawa. Wanda ya sake, ba Liman ba Indo.

A hanyar Shinkafi rami ɗaya ya isa ya buɗe bakin tayoyin nan, Muhtari ya gaya mini. In suka buɗe za su gurza, in suka gurza shaida za ta goge, in ta goge kuwa ba mai sauraron zancen tsinken ashana karo na biyu. Don haka na koma Zurmi da ƙafata na ce ya koya mini. Ya koya mini, ya ba ni ƙullin zare da noti kyauta, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Yanzu kullum kafin mu fita sai na ja zare daga baya zuwa gaba, dama da hagu, na saki noti na duba gwame. In na ga ta motsa ko da gashi ɗaya ne, in kwanta a ƙasa da sifana in mayar. Ina kauce wa rami kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar tsere, amma har masu Fijo suna wuce mu suna yi mini ihu. Tayoyin kuwa sun ƙi ƙarewa, damina ta zo ta wuce suna nan da zanensu. Kawu yana kai baƙi ya nuna musu, yana cewa, "Kun gani? Tun da anka yi maganar nan ban sake sayen taya ba." Ni ne nake tsaye a gefe riƙe da makulli, kuma da hannuna nake gyara masa hujjar kowace safiya.

Na ɗauka na saba. Sai wata safiya ina kwance a gefen motar, ido ɗaya a rufe ina bin zare, na ga ƙafafun Inna sun tsaya kusa da kaina. Ta kawo mini kunu a kwanon sha. Ta daɗe tana kallon tayar, har ta sunkuya ta shafa ta.

"Allah shi yi maka albarka, Ɗanasabe," ta ce, muryarta cike da jin daɗi. "Ka gani ko? Tun da ka bari, ga shi har sun shekara."

Na ɗago na dube ta. Murmushi take yi, irin na uwar da ɗanta ya shiryu.

Ta ajiye kunun a kan dutse, ta ce in sha kada ya huce, ta koma cikin gida. Kawu ya ƙwala kira daga soro yana tambaya ko mun shirya, yau Alhamis. Na ce saura gefe ɗaya, Kawu. Na kwance zaren na zagaya hagu na sake ɗaurawa.